Turaren Wuta a Taron Bushiya

Ranar da autata ta gaya mini a waya cewa ta samu bushiya, sai da na sa ta maimaita. Bushiya dai, mai ƙaya. Ta ce wata ɗaliba ce da ta gama karatu za ta koma ƙasarsu ta bar mata ita, da kejinta da fitilar ɗuminta da komai. Na ce, "To me za ki yi da ita?" Ta ce, "Kiwo mana, Mama."

Ni bushiyar da na sani ta ƙauyen kakata ce, can bayan Kano. Da damina ake ganinta a gindin shinge ko a cikin gonar gyaɗa. Yara maza su mirgina ta da kara, ta dunƙule, su jefa ta cikin kwanon ruwa don ta buɗe. Fatarta kuma a shimfiɗar masu maganin gargajiya nake ganinta ranar kasuwa, a bushe. Ban taɓa jin wanda ya sa ta a ɗakin kwanansa har ya kunna mata fitila don kada ta ji sanyi ba. Da na gaya wa baban yara, dariya ya yi har da ƙwalla, ya ce ashe ba mu kaɗai muka yi ƙaura ba, 'yar garinmu ma ta samu biza. Ni kuwa na raɗa mata suna Hajiya, saboda an ce mini yini take tana barci, sai an kai mata abinci har bakin gado, kuma in ka gaishe ta sai ta yi maka huci.

Dariyar ba ta daɗe ba. Yaranmu uku duk a Manchester aka haife su, a flat ɗinmu na Whalley Range suka tashi. Manyan biyun bakinsu ba ya hutawa, ko a layin asibiti sai sun yi abokai. Auta ba haka take ba. A gida tana da baki, har ta fi kowa iya tsiya, amma da mun fita ƙofa sai ta yi tsit. Tun tana ƙarama in baƙi suka zo bayan zanina take ɓuya. Da ta samu gurbin karatu a Birmingham muka yi murna ƙwarai, don shekara biyu ta yi tana hana idonta barci saboda shi. Muka kai ta wani gidan ɗalibai a Selly Oak, muka tarar sauran 'yan gidan sun san juna tun bara. Ba su yi mata komai ba, yaran kirki ne. Ita ce dai take zama a ɗaki tana kasa kunne, sai ta ji kicin ya yi shiru sannan ta sauko ta dafa taliyarta ta koma sama.

Ana tsakiyar sanyi ta kira ni. Ina jin sallamarta na san ba lafiya.

"Mama, I can't," ta ce. "Tun da na zo garin nan ban yi wa kowa maganar da ta wuce sorry da thank you ba. Hajiya kaɗai nake hira da ita."

Ta ce akwai wani taro da masu kiwon bushiya za su yi ranar Asabar a wani zauren unguwa, kowa ya zo da tasa. Ta daɗe tana son zuwa, amma ƙafarta ba za ta iya shiga ɗaki cike da baƙin fuska ita kaɗai ba. "Ki zo ki raka ni. In can ma bakina ya ƙi buɗuwa, to na haƙura da karatun uni, zan tattara in dawo gida."

Na san halin 'yata. Ba ta barazana. In ta ce za ta yi abu, ta riga ta gama shawara da zuciyarta. Na ce mata ina nan zuwa ranar Juma'a.

To ni abin da kunnena ya ji shi ne taro. A wurinmu kuwa taro taro ne, na suna ne ko na walima ko na bushiya. Ba a zuwa hannu rabbana, ba a kuma zuwa jiki salam. Na soya cincin cike da bokiti. Na fito da leshina ruwan toka da mayafinsa, na turara su da turaren wutan da yayata take aiko mini daga Maiduguri, mai kama jiki, wanda in ya shiga tufafi ko an wanke sai ya bar sauransa. Na sa kaskon lantarkina da kwalbar turaren a jaka. Baban yara ya ga shirin ya ce, "Bikin wa ake yi?" Na ce bikin 'yarka, in Allah ya yarda.

Da tasi ta sauke ni a Selly Oak, auta ta tare ni a ƙofa ta rungume ni, ta rame, idonta ya faɗa. Ta kai ni ɗakinta, ta nuna mini kejin, ta ce Hajiya tana barci, kada in tashe ta. Ita tana da darasi da yamma, ta ɗauki jakarta ta fita.

Na zauna a bakin gado ina kallon ɗakin. Ɗan mitsitsi ne, taga ɗaya, ga warin danshi irin na tsofaffin gidajen nan, ga kuma wani wari daban daga wajen kejin. Na leƙa. Hajiya tana cikin wata bukkar roba, ƙayoyinta kawai nake hangowa. A gefe ga wata 'yar jakar ulu da ake ɗaukarta a ciki, ga kuma wata tsohuwar rigar barcin auta, duk ta yi duƙun-duƙun, an cusa ta a lungu. Na ɗago ta da yatsa biyu. Na ce a raina, wato da wannan tsumman za a shiga cikin mutane gobe, a ce 'yar wace ce? Ba a gabana ba.

Na wanke rigar da jakar, na shanya su a kan hita suka bushe. Na haɗa da gyalen da za ta yafa gobe da rigar sanyinta, na sauka tsakar gidan baya, don na san hayaƙi ɗan kaɗan ke sa ƙararrawar gobara ta tara wa mutum jama'a. Ba ni da kabbasa, kwandon turara kaya, sai na kifa kwandon wanki a kan kaskon, na jera kayan a kai. Ɗaya daga cikin 'yan gidan, wata doguwar Baturiya, ta leƙo ta taga tana kallona. Na ɗaga mata hannu, ita ma ta ɗago. Na mayar da komai inda yake, na share ɗakin, na zauna ina jiran yabo.

Da auta ta dawo, tun daga matakala na ji ta tsaya. Ta shigo a hankali, ta shaƙi iska, ta dubi kejin.

"Mama, ina rigar?"

Na ce ga ta nan, fes. Ta ɗauka ta sansana, sai na ga fuskarta ta canza. Ta durƙusa ta sa hannu cikin kejin kamar yadda ta saba. Hajiya ta dunƙule tamau, ta tayar da ƙayoyi, tana huci tana zabura kamar tukunya a kan wuta. Auta ta kira ta, ta lallashe ta, ta miƙa mata tsutsar da take so. Ko motsin buɗewa ba ta yi ba.

Sannan ta yi mini bayani. Bushiya ba ta gani sosai, da hanci take sanin mutum. Rigar nan kwana da kwanaki ta yi tana barci da ita kafin ta sa mata a keji, don ta saba da warin jikinta. Da haka ta samu har take hawa tafin hannunta, take kwanciya a wuyanta. Yanzu rigar, da jakar, da ɗakin, da ita kanta tunda ta rungume ni, duk ƙamshin wani abu suke yi da Hajiya ba ta sani ba.

"Ita kaɗai ta san ni a garin nan, Mama," ta ce. "Ita ma kin sa ta manta ni."

Maganar ta soke ni. Har yau ina nan a kan bakana cewa rigar nan ta kai a wanke ta, amma a lokacin da zan iya mayar mata da dattinta da na mayar. Ta ce ba za ta je taron ba, me za ta je ta nuna, dunƙulen ƙaya? Na ce za mu je. Na ce ban hau jirgin ƙasa da bokitin cincin don in zauna a ɗaki ina kallon bango ba, kuma ita ta kira ni, sai ta kai ni inda ta ce. Faɗa na yi mata sosai, don na lura in na lallashe ta kuka za mu yi mu biyu.

Da safe na yi wanka da sabulunta marar ƙamshi har fatata ta yi ja. Aikin banza ne, domin duk abin da ke cikin jakata ya sha turare tun daga Manchester. Na sa leshina haka nan. A cikin bas wata tsohuwa ta juyo ta ce mini ƙamshina ya yi mata daɗi. Auta ta kawar da kai, tana rungume da akwatin Hajiya a cinya.

Zauren ba babba ba ne, an dumama shi sosai saboda baƙin na musamman. An jera tebura, kowane da akwati da ɗan bargo a kai. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne shirun. Ban taɓa shiga taro na ji mutane suna magana ƙasa-ƙasa haka ba sai a gidan makoki. Ga manya ga yara, ga wata mata da ta saƙa wa tata hula. A wani tebur ana yanke wa bushiyoyin farce, a wani ana ɗora su a sikeli. Ba a haɗa su wuri ɗaya, an ce ba sa son juna, kowace ita kaɗai take rayuwarta. Wato an tara dabbobin da ba sa son taro, an kuma tara mutanen da yawancinsu, in ka dube su da kyau, su ma ba son taron suke ba. Kowa sanye da rigar sanyi mai ruwan ƙasa, sai ni kaɗai cikin leshi ina walƙiya.

Na ajiye cincin kusa da butar shayi. Auta ta zaɓi teburin ƙarshe na lungu, ta fito da Hajiya ta ɗora a bargo. Dunƙule. Mutane suna wucewa, su tsaya su yi murmushi, su ce kunya take ji ko? Auta ta gyaɗa kai, idonta a ƙasa. Su ɗan jira, su ga ba ƙarin magana, su wuce. Ina zaune ina ji kamar in amsa mata, amma na san in na buɗe baki na gama da ita, don ni ce zan yi hirar har a tashi. Na danne. Ina kallon agogon bango, ina kallon 'yata tana ƙara shigewa cikin rigar sanyinta, na fara tunanin yadda za mu kwaso kayanta.

Teburin da ke kusa da mu na wani dattijo ne, ƙato, mai farin gemu da zane a damatsa. Ya ce mini direban bas ne kafin ya yi ritaya, bushiyar kuma ta matarsa ce da ta rasu. Tasa ba ta da kunya ko kaɗan, tana ta yawo a kan tebur tana ɗaga hanci. Ya lura duk inda ta zaga wajena take dawowa. Ya ce ko zan riƙe ta? Kafin in ce a'a ya ɗora mini ita a cinya.

Ƙafafunta sanyi, cikinta laushi kamar na ɗan tsako. Ta sansana hannuna, ta hau, ta kama gefen mayafina ta fara lasa. Daga lasa sai tauna. Ina shirin janyewa sai na ga kumfa tana fitowa daga bakinta, fara fat. Ta murɗe jiki, ta karkace, ta faɗi gefe guda, harshe a waje, tana shafa kumfar a bayanta.

Na miƙe tsaye da ita a hannu na ɗaga murya. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Farfaɗiya! Na kashe wa bawan Allah abin matarsa!" Na juya Turanci ina kiran a taimaka, a kira likita. Shirun zauren nan ya watse, kowa ya taso.

"Mama! Mama, tsaya, ba komai ba ne!"

Auta ce. Ta karɓe bushiyar daga hannuna, ta tallafe ta, ta ce da ni da Hausa, da ƙarfi, "Lafiyarta ƙalau. Haka suke yi in sun ji sabon ƙamshin da ya burge su. Shafa shi take a jikinta." Sai ta ga mutane sun kewaye mu suna kallo, ba su san me aka ce ba. Ta juya ta faɗa musu da Turancinta na Manchester, ta ce mahaifiyarta ba ta taɓa gani ba ne, ta ɗauka mutuwa take. Aka fashe da dariya, dattijon har da riƙe ciki. Ya ce shekarunsa da dabbar nan bai taɓa ganin ta yi kumfa mai yawa haka ba, mene ne a jikin mayafin?

Ni ya tambaya. Na buɗe baki, sai na rufe. Na zauna, na dafe ƙirji, na yi kamar har yanzu numfashina bai dawo ba. Na nuna auta da hannu.

Ta dube ni, ta gane abin da nake yi, ta harare ni. Amma ta amsa. Ta ce itace ne ake jiƙawa da turaruka da sukari, a ɗora a wuta, hayaƙin ya kama tufafi. Wata ta tambaya ko yana cutar da su. Ta ce ba ta sani ba, shi ya sa gara a nisanta shi da keji, ta kuma ba su labarin rigar da aka wanke jiya. Duk zauren aka yi wani nishi tare, aka juyo ana kallona kamar wadda ta fasa tulun gidan mutane. Kowa yana da labarin irin wannan. Wani sabon sabulu ya canza, tasa ta yi mako tana gaba da shi. Wata miji ta sake, bushiyar ta ƙi sabon. Auta ta yi dariya, dariyarta ta gida, wadda take buɗe baki duka. Ta ce musu ai dabbar nan 'yar ƙasarmu ce, mamanta ta san ta a gona. Aka ce me ake kiranta a can? Ta faɗa, suka yi ta gwadawa. Ban ba su labarin masu maganin gargajiya ba.

Ana cikin haka wata yarinya baƙa, sa'ar auta, ta matso da akwatinta. Ta ɗan rusuna ta ce, "Sannu, Mama." Ta ce iyakar Hausarta ke nan, sai kuma "na gode". Iyayenta mutanen Jos ne, a nan Birmingham aka haife ta, aikin jinya take karanta. Ta ce tun da muka shigo take jin ƙamshin, irin na ɗakin kakarta ne, wadda take turara kayanta na zuwa coci, amma kunya ta hana ta zuwa ta tambaya. Ta roƙe ni ta sansana mayafin. Na miƙa mata gefen da ba yawu. Ta rufe ido, ta daɗe.

Daga nan na zama 'yar kallo. Suka koma teburinmu su biyu, kai a haɗe, suna duban Hajiya. Yarinyar ta ce wa auta ta sake kwana da wata rigar, cikin 'yan kwanaki za ta dawo mata, ita ma ta taɓa yi. Na ji suna maganar wane layi kowa take a Selly Oak, da wane malami ne ba a gane abin da yake faɗa. Dattijon ya kawo mini shayi, muka zauna yana cin cincin yana ba ni labarin matarsa. Hajiya dai har aka tashi ba ta buɗe ba. Ko hancinta ba wanda ya gani a taron nan.

Da aka fara naɗe tebura na ɗauki jakata na tsaya a bakin ƙofa ina jiran auta, don mun yi da ita za ta raka ni tashar jirgi. Ta zo tana murza hannu, ba ta ɗauko akwatin ba.

"Mama, za mu taya su kwashe kujeru. Kuma 'yar Jos ɗin nan ta ce in zo in ga kejin da ta haɗa, wai akwai wani taron wata mai zuwa, suna neman masu taimako." Ta waiga baya. "Kin san hanyar tasha ai, ko?"

Ban sani ba. Ban taɓa hawa bas a garin nan ni kaɗai ba, ko lambarsa ban riƙe ba. Na dubi fuskarta, na ga rabin hankalinta yana can cikin zauren.

Na ce, "Ni da na zo ƙasar nan tun ba a haife ki ba? Wuce ki yi aikinki."

Ta rungume ni da sauri, ta juya. Na tsaya ina kallonta ta gilashin ƙofa, ta ɗauki kujeru biyu tana magana, tana magana, ba ta waiwayo ba. Na ji daɗi da zafi a haɗe, ban san wanda ya fi yawa ba.

Na hau bas ɗin farko da ya tsaya. Sai da na ga shagunan atamfa da gidajen abinci na Stratford Road na gane unguwar Sparkhill ya kawo ni, ba tasha ba. Na fito da waya zan kira ta, na mayar da ita jaka. Na tare wata mata mai tura keken jariri na tambaye ta hanya.